Saran Farko a Jikin Tsamiya

Malam edita, a shekarun da zan ba ka labarinsu ni akawu ne a biron kwamanda, wato ofishin Baturen da ke mulkin Dogon Dutsi, ko in ce tsohon akawu, domin lokacin da abin ya faru kujerata ta daɗe da sabawa da nauyin wani. Ina cikin ƴan Arewa na farko-farko da aka kama aka kai lakwal, makarantar Faransawa, uwata na kuka kamar kabari za a kai ni. Na fito da rubutu mai kyau da Faransancin da ko kwamanda wani lokaci sai ya ɗago kai ya dube ni. Ina da farin wando da kwat, da takalmin fata mai ƙara, da mata ɗaya wadda nake so fiye da yadda ya kamata ɗan lakwal ya nuna. Na karance duk littattafan da Turawa ke bari idan za su koma gida, har na ɗauka wanda ya karanta abin da na karanta ya fi ƙarfin a yi wasa da shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Yawancinsu sun mutu, kuma ko da ransu sunayen nasu ba su kai a ɓata musu tawada ba.

Kurkunu ne ya raba ni da aiki. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya sa kada su san shi: tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta yi zamanta a jikin mutum, ran da ta ga dama ta huda ƙafa ta leƙo, a dinga naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan. Tawa ta kwantar da ni damina guda cur. Da na miƙe na ɗingisa zuwa biro, sai na tarar da ƙanen matar tafinta a kujerata, mutumin da in ya yi rubutu sai ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Tafinta kuwa, ga wanda bai ga zamanin ba, shi ne ƙofar kwamanda kuma shi ne kunnensa. Ba mai shiga sai ya buɗe, kuma ba abin da ke isa ciki sai yadda ya tauna shi. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi ƙafa, ya ce kada in damu, in ɗauka ina konje ne, wato hutun ma'aikaci, da zarar wuri ya samu za a kira ni. Na yi masa godiya. Har yau in na tuna godiyar nan sai in ji kunyar bakina.

Konjen nan ya yi tsawon da har ya zama sunana. A kasuwa Mushe Konje ake ce mini, wato Malam Hutu da Faransancin kasuwa, masu nama na tambayata ko hutun ya kusa ƙarewa, ko kuwa gwamna ya ƙara mini saboda ƙwazo. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, har na daina lissafi. Kullum safe sai in sa kwat in je in zauna ƙarƙashin itatuwan bakin biro tare da masu kawo ƙara, ina riƙe da littafi don a san zamana daban ne da nasu. Noma kuwa ba a yarda in yi ba. A lokacin, ɗan lakwal da hauya a kafaɗa abin kunya ne ga zuri'a duka, kamar an ce an kai yaro an dawo da shi ba a samu komai ba. Yayana ya fi son ya ciyar da ni daga rumbunsa yana harara da a gan ni a gonarsa. Abokan aikina na da, gaisuwarsu ta dinga ramewa: daga musafaha da tambayar iyali ta koma ɗaga hannu, daga nan ta koma gyaɗa kai, daga ƙarshe in sun hango ni sai su duba agogo. Ɗayansu na san agogonsa ya tsaya tun muna aiki tare, amma shi ya fi kowa duba shi. Na je Dosso, aka ce in koma inda aka san ni. Na je kantunan Turawa lokacin cinikin gyaɗa, suka ce mai awo ba ya bukatar sanin sarakunan Faransa. Na ƙetara iyaka wajen ƴan'uwanmu na ƙasar Ingilishi, can kuma Faransancina bai fi kukan tsuntsu amfani ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tafiyar matata. Mahaifinta mutumin wani ƙauye ne a kan hanyar Tibiri, wanda lokacin da nake kan kujera ba ya buɗe baki a taro bai ce surukinsa akawu ne ba. In ya shigo gari kuwa da carbi yake yawo mai manyan ƙwayoyi, yana tsaki a kan mutanen ƙauyensu da har yanzu ba su bar al'adun arna ba. Shi ne ya zo wata rana ya ce uwarta ba ta jin daɗi, zai tafi da ita ta ɗan duba ta. Uwar, na samu labari daga baya, tana daka hatsi lokacin da suka isa. Da aka kwana biyu na aika, sai ya aiko cewa ɗiyarsa za ta dawo ran da mijinta ya samu aiki, domin shi bai aurar da ita ga mai hutu ba.  Ita kuwa ranar da za ta tafi ta bar tukunyarta da faifanta a ɗaki, a inda ta saba ajiye su, ni kuma na hana kowa taɓawa.

Ana nan, wata safiya sai ga gardi, ɗan sandan kwamanda, a ƙofar gidan yayana, ya ƙame ya sara mini, ya ce ana nemana a biro. Tafinta ya taso har bakin ƙofa ya rungume ni. Akawuna suka zagaye ni suna cewa ai kullum maganata suke yi, mai tsayayyen agogo har ya ce rabonsa da barcin kirki tun ran da na bar su. Aka ce za a fitar da sabuwar hanyar mota wajen Tibiri, kuma tun da an soke aikin dole, lebura na biya za a ɗauka, ana bukatar shef, wato shugaban lebura, wanda zai iya karanta zanen injiniya, kuma wayayye, wanda kansa ba ya ɗaukar camfi. Suka ce sun duba ƙasar Arewa kaf ba su ga irina ba. Aka shigar da ni gaban kwamanda. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko ina tsoron iskoki. Na gyara kwat na ba shi amsa doguwa, irin ta littafi, a kan hasken ilimi da duhun jahilci. Akawunan da ke laɓe a ƙofa suka yi dariyar yabo. Ya ce in fara gobe. A garin da maza ke faɗa a kan wa zai share biro, ga aiki mai kaki da keke an rasa mai ɗauka har sai da aka tuno da ni, amma ban tambayi dalili ba. Ka ga amfanin karatu.

Makonnin farko sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Masu naman nan suka koma cewa ranka ya daɗe shef. Yayana ya daina harara. Na aika wa surukina, ya aiko da goro da addu'a, ya ce tun da hanyar ta ƙauyensu za ta bi, in ta iso sai in ɗauki matata mu koma tare a kan keke, kowa ya gani. Muna bin turakun da injiniya ya kafa, an shafa musu jan fenti, a miƙe sak kamar yadda ya ja layi a takarda yana zaune a inuwa. Muka sare ƙaya da sabara, muka cike ramuka, har wata hantsi muka hango ƙauyen. Na bi turakun da ido, sai na ga sun tafi har gindin wata tsamiya, sun ɓulla ta bayanta sun ci gaba.

Na san tsamiyar nan, kamar yadda duk wanda aka haifa a yankin ya san ta. Gidan doguwa ne, wato aljana, in ji mutanen wurin. Ba a karyar reshenta, ba a tsintar itacenta ko ya faɗo da kansa, makiyaya ma in sun biyo da shanu sukan ratse. Macen da haihuwa ta yi wa wuya takan kai ƙwaryar nono ta zuba a gindinta ta roƙa. Surukata ta yi haka bayan ta daɗe ba ta samu ba, sai ta haifi matata. A can gindin aka roƙo ta, kuma kowace kaka, tun tana goye har ta zo gidana, sai an kai nono da sunanta. Nakan yi mata ba'a a kan haka, ita kuma ta yi murmushi ta ce ba da ni take ba. Sannan akwai ƙa'idar da kowa ya sani, har ni da nake cewa na manta: irin wannan itace, wanda ya yi saran farko shi ya ɗauki alhakin. Waɗanda suka biyo baya itace kawai suka sara. Leburana suka ajiye gatura suka zauna, har da tsofaffin sojan da suka ga yaƙin Turawa suka dawo da lambobi a ƙirji. Babbansu ya dube ni ba da raini ba, ya ce, "Shef, mu naka ne. Ka sara ɗaya, mu mu ƙarasa." A bakinsa na ji cewa an yi wa dangin tafinta tayin aikin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya je ya ga inda turaku suka bi ya dawo da ciwon baya. Nan na gane abin da aka ɗauka aiki. Ba karatuna ba ne, hannun dama ake bukata, na mutumin da yunwa ta sa ba zai yi tambaya ba.

Da yamma tsohon da ke kula da tsamiyar ya zo ya same ni. Na shirya wa zagi, sai ya gaishe ni da sunan mahaifina ya zauna a ƙasa. Ya ce su ba su ƙi hanya ba, su ma suna son su ga mota. Ya ce doguwa ana iya roƙonta ta ƙaura, kakanninsu sun taɓa yi; sai dai ba a yi sai hatsi ya shiga rumbu, a yanka abin da ake yankawa, masu goge su yi kiɗa, a nuna mata wani itacen. In ta tashi, tsamiya ta zama itace kamar kowane, ko shi da kansa sai ya kama mana gatari. Haƙuri kawai ya roƙa, zuwa kaka. Na ga ƙofa ta buɗe. Washegari na hau keke na koma Dogon Dutsi don in faɗa wa kwamanda da bakina, tun da ina da harshen da zan faɗa. Amma ƙofar tana hannun mai ita. Tafinta ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ɗaga murya da Faransanci don akawuna su ji, ya ce ku zo ku ga malamin hasken ilimi yana so hanyar gwamnati ta jira doguwa ta ɗaure kayanta. Aka yi dariya har da buga tebur. Ya ce gwamna zai biyo ta hanyar kafin kaka, kuma kwamanda ba ya son ya ji ya yi kuskuren zaɓe. Sai ya rage murya, ya koma Hausa, ya ce, "Konjenka na nan inda ka bar shi, in kana marmari." Ban shiga wurin kwamanda ba. Na hau kekena na juya.

A hanya na yi wa kaina hujjoji masu kyau, domin abin da lakwal ta fi koya mini ke nan. Na ce in na ƙi wani zai yi, na ce ba aiki ba mata, na ce ita ma in ta ga ba abin da ya faru za ta waye. Da safe ƙauyen duka ya fito ya tsaya nesa, maza gefe, mata gefe. Na hango matata cikin matan, ta rufe baki da gefen zane. Na cire kwat na ba wani ya riƙe, na karɓi gatari. Ina so in ce maka sara na yi irin na maza, amma hannun da ya yi shekaru bai ɗauki abin da ya fi littafi nauyi ba ne, tsamiya kuwa itace ce mai tauri. Gatarin ya yi tsalle ya kusa suɓuce mini, ya ɗan ɓare ɓawo kamar tafin hannu. Iska ba ta taso ba, tsuntsu ma bai tashi daga kan reshe ba. Leburan suka miƙe suka tofa yawu a hannu suka kama aiki. Da na waiga wajen matan, ba ta nan.

Doguwa ba ta yi mini komai ba, wannan ina so a rubuta shi yadda na faɗa. Ga ni na tsufa, haƙorana sun fi na tsarana yawa. Mutane ne suka ɗauke mata aikin, kuma sun yi shi da himmar da ban taɓa ganin sun yi wa gwamnati ba. Masu fura suka daina sayar mini, in na miƙa hannu sai su rufe ƙwarya su ce ta ƙare. A masallaci sahu yakan buɗe dama da hagu inda na tsaya, a tsakanin mutanen da ke cewa ba su yarda da kowa ba sai Allah. Yaro ya yi zazzaɓi, ni ne. Jaki ya yi ɗingishi, ni ne. Surukina mai carbi, mai tsakin al'adun arna, ya tsaya a bakin zaurensa ya ce ƙafata ba za ta ƙetare shi ba, kada in ja wa gidansa abin da na ɗauko. Na tuna masa shi ya ce in nemo aiki, ya ce ai bai ce wannan ba. Abin da ya fi ba ni dariya, in dariya ce, tsohon nan ne ya gaya mini shi ba tare da ya san yana ba ni labari ba. Ashe tun kafin a aiko gardi ya kira ni, tafinta da akawunan biro sun haɗu sun aika masa da baƙin bunsuru, a gaya wa mai tsamiya cewa su ba hannunsu a ciki. Su ne masu buga tebur. Da Faransanci suka yi dariyar, bunsurun kuwa da Hausa suka aika shi.

Wata gwaggon matata ce ta ji tausayina ta shirya mu yi magana, ni a waje, ita a cikin gida, danga a tsakaninmu. Ban ga fuskarta ba, sai inuwarta ta tsakanin karan. Na fara jera mata hujjojin nan nawa, ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Malam, ni ban taɓa ce maka ka nemo aiki ba. Baba ne ya ce. Da ka zo da ƙafa, ba kaki ba keke, ka ce in taso, da na biyo ka." Na ce to ga ni na zo, ta taso. Ta ce, "Inda aka roƙo ni ka sara, kana kallona. Mi zan ce wa ɗiyan da zan haifa maka?"  Bayan kaka aka aiko a karɓi tukunyarta da faifanta. Na ɗauko su da hannuna na miƙa. Daga baya ta auri wani manomi, na ji ta haifi ƴaƴa da yawa, Allah ya raya mata.

Gwamna bai biyo ta hanyar ba, ta wani wuri ya bi. Aka ɗauke kwamandan, wanda ya gaje shi ya dubi zanen ya ga bai yi masa ba, ya karkata hanyar wajen wani ƙauye. Yau in ka wuce a mota sai ka miƙa wuya kafin ka hango kututturen can cikin gonaki, kuma an ce har yanzu mata na zuba masa nono. Ni kuwa aiki ya zauna mini daram, ba a sake ba ni konje ba har na ajiye da kaina. Duk inda hanya ta ci karo da itacen da ake tsoro ko tsohuwar makabarta, ni ake aikawa, tun da na riga na ɗauka, ƙari ba zai yi mini nauyi ba. Tafinta ya mutu da girmansa, na je jana'izarsa, sahu ya buɗe mini kamar kullum.

Na daɗe ina raina mutanen nan, kuma ban daina ba, tsufa bai rage mini ko kaɗan ba. Sai dai a jerin waɗanda nake rainawa akwai wani saurayi mai farin kwat da ya tsaya a ƙofar kwamanda da Faransanci cike da baki, aka yi masa dariya sau ɗaya ya juya. Wannan shi ne abin da zaman banza ke yi wa mutum, kuma shi na rubuto in gaya wa masu karatunka, musamman samarin da na ga suna yawo da takardunsu daga ofis zuwa ofis kamar yadda na yi. Rashin abinci ba shi ne mafi muni ba. Mafi muni shi ne yadda kunnenka ke toshewa, har ka daina jin komai sai kalmar aiki, ka manta da tambayar wa kake nema wa shi. Ni ban taɓa zuwa na tambayi matata abin da take so ba, saƙon ubanta na ɗauka na rataya a wuya. Saboda haka, ɗana, in waɗanda suka yi shekaru suna duba agogo in sun hango ka suka tashi rana ɗaya suka rungume ka suka ce ba kamarka, ka gode musu, ka karɓi kujera ka zauna. Amma kafin ka ce to, ka fita ka bi turakun da ƙafarka har ƙarshe, ka ga gindin da suka nufa.